Wasan da Unaisi Ta Yi Sau Ɗaya

A garin Nadi, a wata ƙasar tsibirai da ke tsakiyar teku, babu wanda ya taɓa zargin Unaisi da ban dariya. Ta haura shekara talatin tana zaune a sashen yanayi na wani ƙaramin kamfanin jiragen sama, irin jiragen nan masu farfela biyu da ke ɗaukar fasinja da buhunan gwaza da akwatin gawa idan ta kama, su kai tsibiran da jirgin ruwa ba ya leƙawa sai ya ga dama. Aikinta shi ne ta gaya wa matuƙa abin da sama ke shirin yi kafin su tashi. Takan faɗa a taƙaice, da murya ɗaya, ko labarin mai daɗi ne ko marar daɗi. Matuƙan suna kiranta Anti Una, kuma sukan cire baƙin tabarau idan za su shiga ofishinta, ba tare da wani ya ce su cire ba.

'Yar ƙauyen Naivuki ce a lardin Ra. Mahaifinta mai wa'azi ne a coci, mutumin da ya yi imani cewa dariya ma sai da dalili, kuma bai cika samun dalilin ba. Ta auri Peniasi, direban bas, wanda ya riƙa yin dariyar gidan gaba ɗaya, tasa da tata. Da ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Litia, da gida shiru. A wurin aiki ba a ga canji a fuskarta ba, don babu abin da ya rage da za a cire.

Wanda wannan hali nata ya fi damu shi ne Sairusi, wakilin kamfanin a tsibirin Yanutabu. Shi ke yanke ciyawar filin jirgi, shi ke auna fasinja da kayansu, shi ke korar aladu idan ya ji ƙarar farfela, kuma shi ke kiran Nadi ta rediyo kowace safiya ya faɗi yadda ya ga sama. Mutanen Yanutabu da na Naivuki abokan wasa ne tun kaka da kakanni, suna kiran juna Tau. Tau ɗinka yana iya shiga gidanka ya zare rigarka daga kan igiya ya sa, ya zage ka a gaban surukanka, kai kuwa ba ka da ikon fushi, sai dai ka rama. Rashin ramawar ne abin kunya.

"Tau!" haka muryar Sairusi ke fashewa a rediyo. "Kin tashi, ko har yanzu 'yan Ra suna jiran rana ta zo ta yi musu sallama?"

"Ina kwana, Sairusi. Yaya girgije a kan dutsen?"

Shekara da shekaru amsar ke nan. Sairusi ya sha faɗa wa mutane cewa ya fi son a mare shi.

Dutsen da take tambaya a kai shi ne matsalar Yanutabu. Filin jirgin ciyawa ne, bakinsa ɗaya yana teku, ɗayan yana gindin dutse, kuma mai sauka sai ya bi ta kafaɗar dutsen. Idan iskar kudu maso gabas ta kwana tana busawa bayan ruwa, dutsen yakan wayi gari da farar hula ta girgije, ya ƙi cirewa har rana ta yi tsaka. Ko'ina na tsibirin garau, ban da inda jirgi ke buƙata. Kuma kada a ɗauka Sairusi waliyyin yanayi ne. Ya taɓa ba da rahoton sama garau daga kan gadonsa, jirgi ya zo ya yi ta zagaye, ya koma Nadi da amarya da ƙawayenta da kek ɗin biki. Saboda irin wannan ne Manajan kamfanin ya yi murna da zuwan Lachlan.

Lachlan dokta ne na lissafin iska da girgije daga wata jami'a a Ostareliya, dogon saurayi mai yawan ba da haƙuri. Shi da abokan aikinsa sun ƙirƙiro wata manhaja da ke hasashen girgije a ƙananan filayen jirgi, inda babu na'urar auna komai. Tana nuna kowane fili da launi: kore a tashi, rawaya a yi hattara, ja a zauna. Ba a gama ta ba, gwada ta za a yi. Kafin a fara gwajin ya zo da kansa ya zagaya tsibiran, kuma a nan ne ya yi kuskurensa, domin ya yi komai daidai. Duk ƙauyen da ya shiga, ya kai wa dattawa damin kava, saiwar da ake dakawa a jiƙa a sha a taro, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya tafa inda ake tafawa, ya shanye ƙwarya bai yamutsa fuska ba. A Yanutabu ya gyara janaretan coci. A Nadi gidan Unaisi ya sauka, yana wanke kwanonin da ya ci abinci, yana kiranta Mama. Ta tafi da shi Naivuki bikin ɗan ƙanenta, dattijon ƙauyen ya karɓi kavarsa ya ce, "Daga yau kai ɗan Naivuki ne." Haka yake ce wa kowane baƙo. Ya taɓa ce wa wani Bajapane da ya zo gyaran famfo.

Da Lachlan ya koma gida aka fara gwajin daga nesa, aka ɗora Unaisi a kan tafiyar da shi. Kowace safiya takan haɗa kowa a kiran bidiyo: wakilan tsibirai, matuƙan da ba su tashi ba tukuna, da Lachlan daga ɗakinsa a can, da jaririyarsa a kafaɗa wani lokaci. Allon kwamfutarta ya cika da ƙananan akwatuna, kowane da fuska a ciki, ban da na Sairusi, wanda ba ya nuna komai sai goshinsa da rufin kwano. Za ta nuna abin da manhajar ta ce jiya, kowa ya faɗi abin da ya faru a wurinsa, sannan ya ba ta maki, daga ɗaya zuwa biyar. Ƙa'idar gwajin ta hana mai tafiyar da shi ba da maki, ta kuma hana shi karkatar da bakin kowa. Wannan ƙa'ida ta yi wa Unaisi daidai kamar don ita aka ɗinka.

Biyar aka riƙa bayarwa. Ranar da manhajar ta dace, biyar. Ranar da ta kauce, biyar, tare da bayanin cewa yanayin ne ya zo da wani hali. Lachlan yakan roƙe su har da haɗa hannu.

"Don Allah ku gaya mini inda ta ɓata. Abin da nake nema ke nan. Kada ku ji nauyina."

"Madalla, Dokta," in ji kowa. "Aiki ya yi kyau. Yaya jaririya?"

Ba yaudararsa suke yi ba, a ganinsu. Mutumin da ya zauna a tabarmarka, ya sha daga ƙwaryarka, ya kawo maka kyauta da hannu biyu, ba ka buɗe kyautar a gabansa ka ce ga tsaga. Kuma a gaskiya manhajar tana dacewa a yawancin wurare. A Yanutabu ne take da ciwo. Unaisi ta lura da wuri: duk safiyar da dutsen ya sa hula, manhajar kore take nunawa. Wata rana ta nuna kore shar, Kyaftin Naidu, ɗaya daga cikin tsofaffin matuƙa, ya tashi bisa tsohon tsari da fatan girgijen zai janye, ya isa, ya tarar da dutsen a rufe, ya juyo da fasinjansa. Washegari Sairusi ya ba manhajar huɗu. Wata wakiliya ta sunkuyar da kai don kunya. Lachlan kuwa ya yi murmushi ya ce huɗu ma ba laifi.

Bayan taron Unaisi ta kira Sairusi a waya.

"Jirgi ya juyo jiya. Don me ka ba ta huɗu?"

"Na san na yi zafi, Tau. Raina ne ya ɓaci. Gobe zan gyara."

"Ba haka nake nufi ba. Ɗaya ya kamata."

"Ɗaya? Yaron da ya gyara mana janareta? Ke kam ko a coci ba ki da tausayi. Kuma koren nan, kin dai gan shi, kore ne mai kyau."

Ita ma ta gwada, iyakar yadda tarbiyyarta ta bari. Ta ce wa Lachlan, "Ɗana, girgijen Yanutabu yana da taurin kai." A wurinmu wannan magana ce mai nauyi, wadda za ta hana mutum cin abinci. Lachlan ya ce ai kuwa, girgije abu ne mai ban sha'awa ƙwarai. Ta je wurin Manaja ta faɗa masa a fili, tunda shi bai taɓa kwana a gidanta ba. Manaja ya saurare ta da ladabi, ya juyo mata allonsa ya nuna mata jerin biyar-biyar. Ya ce idan an gama gwajin za a karɓi manhajar a hukumance, a riƙa sallamar jirage da ita, a huta da rediyon Sairusi. An ma sa ranar biki, an ba tela ankon ma'aikata. Sannan ya ce, a hankali, ya san ba sauƙi ba ne mutum ya ga na'ura na shirin zama a kujerarsa dab da ritayarsa. Unaisi ta gode masa ta fita.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da ta yi shiru ta sa ankonta. Amma Litia ta gama makarantar tuƙin jirgi, kamfanin ya ɗauke ta, tana zama a kujerar dama ta mataimakin matuƙi, kuma Yanutabu na cikin hanyoyinta. Wata Lahadi bayan coci suna cin kifi da madarar kwakwa, Litia ta ɗauko wayarta tana dubawa.

"Gobe Yanutabu kore ne, Mama. Za mu je mu dawo da wuri."

"Ba a ce ku yi aiki da ita ba. Gwaji ne."

"Na sani. Leƙawa kawai nake yi. Amma ai ta fi Kawu Sairusi da gadonsa. Kowa biyar yake ba ta. Har Kyaftin Naidu, wanda ko girkin matarsa bai taɓa yabawa ba."

Unaisi ta ajiye gwazan da ke hannunta. A nan ta ga abin gaba ɗayansa. Tsofaffin matuƙa suna ba manhajar biyar, sannan su tashi ba su ko kalle ta ba, saboda sun san dutsen kamar yadda suka san matattakalar gidajensu. Yaran kuwa suna ganin biyar ɗin manya suna ɗauka gaskiya ce. Nan da 'yan shekaru tsofaffin za su tafi gida noman rogo, Litia ta koma kujerar hagu, ita ce mai yanke hukunci. Wata safiya allo zai ce mata kore, babu rediyo, babu mai ce mata akasin haka, ta doshi kafaɗar dutsen da mutane a bayanta tana jiran girgije ya buɗe, tunda an ce zai buɗe.

Tana iya ce wa 'yarta kada ta yarda da koren, kuma ta ce. Litia ta ce to, irin to ɗin da 'ya'ya ke ce wa iyaye mata. Ko da ma ta ji, ba ita kaɗai ce yarinya a kamfanin ba.

Unaisi ta yi kwanaki tana juya abin. Kowa ya san gaskiyar, babu mai bakin faɗa. A ƙasar nan kuwa hanya ɗaya ce aka bar wa mutum ya faɗi mummunar magana a bainar jama'a kuma a tashi lafiya, ita ce hanyar da ta yi shekara talatin tana kauce wa. Ranar Asabar ta hau bas zuwa Naivuki, ta sami wata gwaggonta da ta tsufa har ta daina jin nauyin kowa, ta tambaye ta me 'yan Naivuki ke ce wa 'yan Yanutabu. Tsohuwar ta yi ta zubowa har da tari. Yawanci ba su maimaituwa a bakin 'yar mai wa'azi. Unaisi ta zaɓi masu dama-dama, ta dawo tana bitar su a bayan gida, a gaban kajinta, kamar yadda take bitar rahoton guguwa.

Safiyar Litinin akwatuna suka cika. Ga goshin Sairusi da rufin kwano, zakara na cara a wani wuri bayansa. Ga Kyaftin Naidu da kofin shayi. Ga Litia cikin farar rigar aiki a wani lungu na allon. Ga Lachlan. Har Manaja ya shigo, saboda gwajin ya kusa ƙarewa.

"Kafin mu fara ina da sanarwa," in ji Unaisi. "Kun san Dokta Lachlan ya sha kava a Naivuki, dattawa sun ce shi ɗan Naivuki ne. Abin da ɗan Naivuki ya haifa kuwa namu ne. Saboda haka wannan manhaja 'yar ƙauyenmu ce."

Lachlan ya dafa ƙirji, ya ce an karrama shi.

"Na faɗa ne don in gode wa mutanen Yanutabu," ta ci gaba, da muryar da take karanta saurin iska. "Sun yi ta ba ta biyar. Ban yi mamaki ba. Tun zamanin kakanni, duk abin da ya fito daga Naivuki, ɗan Yanutabu durƙusa masa yake yi, ko da kare ne. Kuma kada a ga laifinsu. Mutanen da ba su san bambancin girgije da hayaƙin gasa alade ba, in an nuna musu launi mai kyau dole su tafa."

Babu wanda ya motsa. Kofin Kyaftin Naidu ya tsaya a hanya. Sannan akwatin Sairusi ya girgiza, rufin kwano ya ɓace, a karo na farko tun da aka fara gwajin aka ga fuskarsa duka, idanu waje.

"Tau? Ke ce kuwa?"

"Ni ce, Tau."

"Kun ji? Ku zama shaida! Ta ce mini Tau! Shekara talatin ina zuba wa dutse ruwa, yau ya tsiro!" Ya gyara zama, ya share baki. "To tunda 'yarku ce, bari in gaya miki halin 'yarku. Makauniya ce, kamar masu ita. Ranar Alhamis ta ce kore. Kore! Ranar ko akuyata ban gani ba, alhali igiyarta na hannuna. Duk safiyar da iska ta kwana tana busowa daga kudu maso gabas bayan ruwa, dutsen ya sa hula har kunne, ita kuma ta ce kore. 'Yar Ra ce ta gaske: tana barci a tambaye ta, ta ce lafiya lau."

"Kai ne mai maganar barci? Kai da ka ba da rahoton sama daga kan gado?"

"Ni dai gadona yana tsibirin! Ita daga Ostareliya take kwance!"

Dariya ta fashe a akwatuna har sauti ya riƙa yankewa. Unaisi ba ta yi ba. Ta juya maganar Sairusi zuwa Turanci saboda Lachlan, kalma bayan kalma, har da akuyar. Daga nan abin ya ɓalle. Wakiliyar da ta taɓa sunkuyar da kai don kunya ta tuna cewa kakarta ta wajen uwa 'yar Yanutabu ce, saboda haka ita ma tana da bakin magana: a tsibirinsu manhajar tana ganin ruwan sama ne bayan shanya ta jiƙe. Wani ya gano cewa matar wansa daga can take. Kyaftin Naidu, wanda kakanninsa daga Indiya aka kawo su saran rake, ya ce ya ci kifin Yanutabu da yawa har ya shiga jininsa.

"Ni ban taɓa duba ta kafin in tashi ba," in ji shi. "Don me? Idan iskar nan ta kwana, na san dutsen a rufe yake, ko allo ya yi kore ko ya yi shuɗi."

"Kyaftin," in ji Litia daga lungunta. Ita kaɗai ce ba ta dariya, ban da uwarta. "Amma biyar kake ba ta kullum."

"Wannan ai ladabi ne, 'yata. Wa ke tuƙa jirgi da ladabi?"

Unaisi ta kalli ƙaramin akwatin 'yarta, ta ga fuskar ta sauya, sannan ta mai da idonta kan aikinta.

Lachlan ya yi ja har wuya. Da farko an ɗauka zai kashe kiran. Sai ya miƙa jaririyar ga wani hannu da ba a gani, ya jawo kujera, ya fara tambaya: wace iska, bayan wane irin ruwa, girgijen yana sauka har ina a jikin dutsen. Sairusi yana amsawa, kowace amsa da zagi a wutsiyarta. Kafin a tashi Lachlan ya buɗe taswirar da ke cikin manhajar ya duba Yanutabu. Tsibirin ya yi mata ƙanƙanta, ta shafe shi ya koma ɗan tudu. A duniyar manhajar dutsen bai kai rabin tsayinsa ba, kuma dutsen da babu shi ba ya tara girgije.

Da kowa ya fita, saura su biyu, ya ce, "Mama, me ya sa babu wanda ya gaya mini?"

"An gaya maka, ɗana. Sairusi ya ba ka huɗu."

Manaja bai ɗauki abin da wasa ba. Ya tuna mata ƙa'idar da ta hana mai tafiyar da gwaji karkatar da bakin mutane, kuma gaskiyarsa ce, ta karkatar. Jami'ar ma ta ce makin da aka tara, na kafin ranar da na bayanta, ba za su aunu a ma'auni ɗaya ba, sai an gyara manhajar an sake gwajin daga farko a damina mai zuwa, a hannun wani. Aka fasa bikin. Ankon ya riga ya ɗinku, aka raba wa ma'aikata, wasu suka sa shi zuwa coci. Ritayar Unaisi ta zo a lokacin sanyin wannan shekarar. An yi mata shayi da burodi a ofis, Manaja ya yi jawabi a kan muhimmancin bin ƙa'ida, aka ba ta agogon bango.

Sairusi ya zo Nadi takanas don karɓar haƙƙinsa. Ya shiga gidanta ba sallama, ya ɗauki agogon yana cikin kwalinsa, ya haɗa da lemarta da kaza ɗaya. Da Lachlan ya dawo da gyararriyar manhaja, Sairusi ya tare shi a bakin jirgi ya cire masa hula da takalmi, tunda shi ma ɗan Naivuki ne. Gwaji na biyu ya yi hayaniya ƙwarai. An ba da ɗaya, an ba da biyu, an zagi kakannin manhajar. Da aka karɓe ta daga ƙarshe, an bar rediyon Yanutabu yadda yake, bisa shawarar Lachlan kansa.

Unaisi ba ta sake yin wasa ba. Sairusi yakan kira ta a waya ya buɗe da zagi, ta ce, "Ina kwana, Sairusi. Yaya girgije a kan dutsen?" Ya yi ƙorafi ga duk mai saurare cewa an ɗanɗana masa abu an janye. Ta koma Naivuki tana shuka gwaza, tana koya wa yara karatu ranar Lahadi. Ta ga Litia ta koma kujerar hagu. Bayan damina biyu ciwon da ta daɗe tana ɓoyewa ya kwantar da ita, ta rasu a ɗakin da aka haife ta.

Safiyar jana'izar Sairusi yana filin jirgin Yanutabu da baƙin zanensa da tabarmar gaisuwa a naɗe. Iskar kudu maso gabas ta kwana tana busawa. Ya kira Litia a waya.

"'Yata, ki sa baki su turo jirgin. Girgijen nan ba komai ba ne, yanzu zai buɗe. Ina ganin rana ma."

Litia tana tsaye a ƙofar coci, ana shigar da akwatin. Ta duba wayarta.

"Ja ne, Kawu. Ka fito daga rumfar ka kalli dutsen, sannan ka gaya mini."

Aka ji takunsa a kan ciyawa.

"A rufe yake," in ji shi.

"To ka zauna."

Sai washegari ya iso Naivuki, bayan an watse. Ya miƙa tabarmarsa ga dangi, ya sha kavar da aka ba shi, sannan ya ce a kai shi kabarin. Litia ta raka shi. Ya tsaya a kan sabuwar ƙasar da aka lulluɓe da yadi da furanni, ya gyara murya kamar zai yi magana a rediyo.

"Tau. Rana ta yi tsaka kina kwance. 'Yar Ra dai 'yar Ra ce. Kin hana ni jirgi kina raye, kin hana ni bayan kin mutu, don kada in zo in faɗa wa jama'a halinki. To ga ni na zo."

Ya saurara, kai a karkace, kamar mai jiran amsa ta ratso teku. Sannan ya ce wa Litia rashin ramawar nan kam ya saba da shi. Ya goge fuskarsa da gefen zanensa, ya duba hagu da dama, ya ga shebur ɗin da masu haƙa suka manta a jingine da bishiya. Ya saɓa shi a kafaɗa ya kama hanyar tashar bas, babu wanda ya ce masa ya ajiye.